Kama Da Wane Ba Ta Wane: Farin Tabo A Huhun Yaro

Akwai wata magana guda wadda in likita ya faɗe ta hankalin iyaye yakan tashi, watau ya ce ya ga farin tabo a hoton ƙirjin yaro. Kafin uba ya iso gida daga asibiti labari ya riga shi zuwa, an ce wane yana da tarin fuka. Sai a ware wa yaro kwano da moɗa, maƙwabta su hana 'ya'yansu wasa da shi, wani lokaci ma har malamin makaranta ya ce ya zauna gida tukuna. Alhali kuwa farin tabo shaida ce kawai ta cewa wani abu ya taɓa faruwa a wurin, kamar yadda tabon da ke ƙaurin mutum yake nuna ya taɓa yin rauni. Ko gyambo ne ya bar shi, ko sara, ko ƙuna, wannan sai an bincika.

Ku da kuke shirin zama malamai ya kamata ku san wannan al'amari sosai. In aka tura ɗayanku koyarwa a Sarkin Dawaki, ko Sintali, ko Kona, ko wani ƙauye na ƙasar Muri, shi iyaye za su kawo wa takardar asibiti ya karanta musu, abin da ya faɗa kuwa shi za su riƙe. Saboda haka za mu bi abubuwan da kan bar irin wannan tabo a huhun yara ban da tarin fuka ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu ga abin da ya wajaba a kan malami.

Yadda hoton yake

A shekarar 1895 wani masani Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano wani irin haske wanda ido ba ya gani, amma yana ratsa jikin mutum. Hasken nan yana wuce iska da sauƙi, nama yana ɗan tare shi, ƙashi kuwa ya kusa tare shi duka. Don haka in an wanke hoton, huhu mai lafiya yakan fito baƙi domin cike yake da iska, haƙarƙari kuma su fito fari. Abin da ya sa ƙashi tauri wani sinadari ne da ake kira kalsiyam, wanda shi ne kuma ke cikin allin da muke rubutu da shi a allo, da ɓawon ƙwai. Duk inda sinadarin nan ya taru ya daskare cikin jiki, a hoto zai fito fari fat kamar ƙashi, ko da a tsakiyar huhu yake.

Ta hanya uku allin nan yake taruwa a huhu. Ta farko, wata cuta ta ci wani ɗan wuri na huhu, naman wurin ya mutu, jiki ya kewaye shi, sannu a hankali alli ya zauna a ciki. Ta biyu, huhu lafiya lau yake, amma jini ya ɗauko allin da ya fi ƙarfinsa, sai ya riƙa zubar da shi a hanya, kamar yadda kogin Lamurde yake barin yashi a gefe bayan ambaliya. Ta uku, an haifi yaro da wata naƙasa ta gado wadda ke hana huhu share kansa. Yawancin tabon da ake gani na hanyar farko ne.

Dalilin da ya sa ake fara zaton tarin fuka

Likitan da ya fara zaton tarin fuka bai yi laifi ba. Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar ran 24 ga Maris 1882. A 1912 kuma Anton Ghon, mutumin Ostiriya, ya nuna yadda take fara zama a ɗan wuri guda cikin huhun yaro, ta wuce zuwa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, in wurin ya warke ya bar ɗigon alli. Har yanzu da sunansa likitoci suke kiran wannan tabo. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma sun nuna Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa ta Afirka yawan masu tarin fuka. Saboda haka a ƙasarmu, yaron da aka ga tabo a huhunsa, lalle tarin fuka ne abin da za a fara nema, kada wani ya ce mun ce a bar gwaji. Abin lura shi ne, shekaru da yawa likitocin duniya sun ɗauka ba abin da ke barin wannan tabo sai shi, har yaran wata jiha ta Amurka suka nuna musu ba haka ba ne.

Fumfunar kashin jemage da kaji

Akwai wani gwaji da likitan Faransa Charles Mantoux ya kyautata a 1908. Akan ɗiga ɗan ruwan magani cikin fatar hannu da allura, bayan kwana biyu ko uku a duba. In wurin ya kumbura ya yi tauri, alama ce jikin ya taɓa gamuwa da ƙwayar tarin fuka. To, tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu likitocin jihar Tennessee da maƙwabtanta suka riƙa ganin abin da ya ɗaure musu kai. Yara da samari masu yawa suna da farin tabo a huhu, amma in aka yi musu gwajin nan fata ba ta kumbura, kuma ba mai tari a gidajensu. A lokacin yaƙin ma an mai da samari da dama gida daga wurin ɗaukar soja saboda tabon, ana zaton tarin fuka ne.

A 1945 likitocin yara biyu na Jami'ar Vanderbilt, Amos Christie da Cyril Peterson, suka yi wa yaran nan irin wannan gwaji na fata, amma da ruwan da aka tato daga wata fumfuna mai suna Histoplasma. Sai ga fatar yawancin masu tabon ta kumbura. A shekarar nan kuma wani likitan gwamnati, Carroll Palmer, ya gwada 'yan mata masu koyon aikin jinya a garuruwa dabam dabam, ya sami haka nan. Fumfunar ba sabuwa ba ce ga likitoci, gama Samuel Darling ya ba da labarinta tun 1906 daga ƙasar Panama, amma an ɗauka cuta ce da ba a cika gani ba, wadda kuma duk wanda ta kama sai kabari. Ashe a kwarin kogin Ohio da na Mississippi akwai wuraren da mutum 8 cikin 10 sun shaƙe ta tun suna yara, sun warke ba su ma sani ba.

Fumfunar nan cikin ƙasa take zama, ta fi son ƙasar da kashin tsuntsaye ko na jemage ya daɗe yana zuba a kai, kamar tsohon akurki, da ɗakin tattabaru, da gindin itacen da tsuntsaye ke kwana, da kogon dutse, da cikin silin na tsohon gini. In aka tono wurin ko aka share shi a bushe, 'ya'yanta, waɗanda ido ba ya gani, sai su tashi tare da ƙura a shaƙe su. Bayan kwana 3 zuwa 17 wani ya yi zazzaɓi da tari da ciwon ƙirji, wani kuwa ko mura ba zai yi ba. Mutum ba ya ɗaukarta daga mutum. Yawanci takan warke da kanta, bayan watanni ko shekaru ta bar ɗigo ɗaya, ko ɗigo-ɗigo masu yawa kamar an watsa gero. Amma ga jarirai, da yara masu tamowa, da masu ƙanjamau, tana iya bazuwa zuwa hanta da saifa da ɓargo, in ba a ba da maganinta ba ta kashe. Maganin tarin fuka ba ya taɓa ta ko kaɗan, nata dabam ne.

Ga wani labari da ya shafi aikinku kai tsaye. A watan Afrilu na 1970, a garin Delaware cikin jihar Ohio, 'yan wata makarantar midil suka fito aikin gayya don tsabtace tsakar makarantarsu, inda tsuntsaye suka daɗe suna kwana. Suka yi ta shara da karta a bushe, ƙura ta shiga azuzuwa. Ba a daɗe ba mutum kusan 400, ɗalibai da malamai, suka kwanta. Wanda ya san yadda muke sa yara share tsofaffin azuzuwa ranar da aka komo hutu, bayan jemagu sun yi watanni suna zubo kashi daga silin, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Kada a ce wannan ciwon Amurka ne. A 1952 likitocin ƙasar Beljiyam suka bayyana wani irin fumfunar wanda a Afirka ake samunsa, aka sa masa sunan ɗayansu, Albert Dubois. Shi ya fi cin fata da ƙashi da kaluluwa, an kuwa sha ganinsa a Nijeriya. A 1994 masu bincike na Jami'ar Nijeriya suka ba da labarin sun same shi cikin ƙasar kogon jemagu na Ogbunike a Jihar Anambra. A 2018 aka buga sakamakon gwajin fata da aka yi wa mutum 735 a garuruwa shida na ƙasar nan, har da Yola maƙwabciyarmu, aka tarar kimanin 4 cikin 100 sun taɓa shaƙarta, a birnin Benin kuwa 15 cikin 100. A Kalaba an bincika marasa lafiya waɗanda aka kawo da zaton tarin fuka, aka sami wannan fumfuna a jikin waɗansu da dama. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin fumfunonin da ta ce a mai da hankali a kansu ƙwarai.

Tsutsar ƙaguwa

Na biyu wata tsutsa ce mai faɗi, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, ana kiranta Paragonimus. Tana fara rayuwa cikin dodon koɗi na rafi, ta koma jikin ƙaguwa. In yaro ya kama ƙaguwa ya babbaka ta sama-sama ya ci, tsutsar sai ta huda hanji, ta haura har huhu, ta yi wa kanta ɗan gida ta zauna tana ƙwai. Yaron ya yi ta tari wata da watanni, yana tofar da majina mai launin tsatsa, wani lokaci da jini. Duk wanda ya gan shi zai rantse tarin fuka ne. In tsutsar ta mutu gidan nata yakan daskare ya zama farin tabo, ko ɗan zobe.

Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 cutar nan ta yawaita a gabashin Nijeriya, domin yunwa ta sa mutane cin ƙaguwa ba tare da dahuwa sosai ba. Farfesa Chukwuedu Nwokolo na Inugu shi ya bi diddiginta ya buga labarinta a 1972, yara kuwa suna da yawa cikin waɗanda ta kama. Akwai ta kuma a yammacin Kamaru da ƙasar Kuros Riba. Jiharmu tana iyaka da Kamaru, mutane suna kai da kawowa kullum, makarantun Jalingo kuwa cike suke da yaran da aka haifa a wurare dabam dabam. Ana gane ta in aka duba majina da madubin likita ana neman ƙwan tsutsar musamman. Maganinta shi ne wanda ake raba wa 'yan makaranta don tsargiya, mai suna praziquantel, sai dai awon ya fi yawa, kuma likita ne zai tsara shi. Cikin kwana biyu ko uku an gama. Ku duba asarar da yaro zai yi in aka ɗora shi wata shida a kan maganin da ba nasa ba.

Tsutsar maciji

Akwai kuma wata halitta mai kama da tsutsa, Armillifer, wadda ke zama cikin huhun manyan macizai kamar mesa da kasa. Ƙwanta yana fita tare da yawun macijin da kashinsa, ya ɓata ruwa da ganye. Mutum yakan haɗiye shi in ya sha ruwan da maciji ya ɓata, ko ya feɗe maciji bai wanke hannu ba, ko ya ci naman da bai dahu ba. 'Ya'yan sukan maƙale a hanta da jikin hanji da fatar huhu, su naɗe, su mutu, su daskare. A hoto suna fitowa kamar ƙananan waƙafi, ko jinjirin wata. Likitocin Ibadan sun sha ganinsu a hotunan mutanen da suka zo don wata lalura dabam. Galibi ba sa sa ciwo, ba sa kuma bukatar magani. Haɗarinsu ɗaya shi ne wanda bai san su ba ya ba su sunan da ba nasu ba.

Ƙarambau da ciwon haƙarƙari

Ƙarambau da muka raina yakan sauka a huhu wani lokaci, ya yi ƙuraje a ciki kamar yadda ya yi a fata. Ya fi yi wa manya haka, amma yakan sami jarirai da yaran da jikinsu ba ƙarfi. Bayan an warke da shekaru sai a ga ƙananan ɗigo masu yawa, kowane kamar ƙwayar gero, sun bazu a huhu biyu. Ba su da wata illa, mai su yana iya tsufa da su. Haka kuma yaron da ya yi ciwon haƙarƙari mai tsanani har mugunya ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari, ko ya faɗo daga itace jini ya kwanta a wurin, in ba a zuƙe shi sarai ba, abin da ya rage yakan yi tauri ya zama kamar ɓawo a gefen huhu. Shi ya sa likita yake tambayar ciwon da yaro ya yi tun shekarun baya, iyaye kuwa su ga kamar ɓata lokaci ne.

Ciwon ƙoda da yawan bitamin

Yanzu mun zo hanya ta biyu, inda laifin na jini ne. Ƙoda ita ce ke tace jini, tana fitar da wani gishiri mai suna fosfet cikin fitsari. In ƙodar yaro ta daɗe da lalacewa gishirin nan sai ya taru. Akwai kuma waɗansu 'yan ƙananan halittu huɗu a wuya, kowace kamar ƙwayar shinkafa, waɗanda aikinsu shi ne daidaita kalsiyam cikin jini. In ƙoda ta kasa sai su tashi haiƙan suna kwaso shi daga ƙashi suna zubawa a jini. Kalsiyam da fosfet in suka haɗu da yawa sai su daskare a huhu da jijiyoyin jini da ita ƙodar kanta. A nan tabon huhu ƙaramin abu ne, babban ciwon yana ƙoda. Yaron da fuskarsa ke kumbura da safe, ba ya girma kamar tsararsa, jininsa ya yi ƙasa, fitsarinsa ya sake, a gwada ƙodarsa tun da wuri.

Bitamin D shi ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, amma in ya yi yawa guba ne. A Ingila, cikin shekarun 1950, an ƙara shi da yawa cikin madarar gwangwani da abincin jarirai, sai aka riƙa samun jarirai masu yawan kalsiyam a jini, suna amai, ba sa girma, har gwamnati ta sa aka rage shi a 1957. Wannan gargaɗi ne ga masu sayen maganin ƙarin ƙarfi a kemis suna ɗura wa yara ba awo.

Sai dai kada wani ya ji wannan ya hana yaro nono ko kifi, yana cewa alli zai taru masa a huhu. Abinci ba ya kawo wannan ga yaro mai lafiyayyar ƙoda. Matsalar yaranmu ma ƙarancin kalsiyam ce. Binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yara masu gwame da bakan ƙafa a can sun miƙe da aka ba su kalsiyam. A bar yara su sha kindirmo su ci ƙananan kifi da ƙayarsu.

Ciwon zuciya da ke farawa daga maƙogwaro

Yaro ɗan shekara 5 zuwa 15 yakan yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, a kai shi wurin wanzami, ko a bar shi ya warke don kansa. Bayan mako biyu ko uku gaɓoɓinsa su kumbura, ciwo ya bar wannan gwiwa ya koma waccan. In abin ya yi ta maimaituwa yakan ƙuntata wata ƙofa da ke cikin zuciya ta wajen hagu, jini ya riƙa komawa baya yana cunkushewa a huhu. Shekara da shekaru a haka, jinin da ke tsattsafowa yana barin ɗigo-ɗigo, waɗansu har su zama ƙananan ƙasusuwa a gindin huhu. Yaron yana haki, yana tari da dare, wani lokaci da jini, sai a ce tarin fuka. Likita in ya saurari zuciyar yakan ji ƙarar da ta sake, hoton zuciya kuma ya tabbatar. Penisilin da aka ba da tun ciwon yana maƙogwaro shi ke tare wannan duka.

Na gado da ciwon daji

Hanya ta uku ba a cika ganinta ba, gama waɗanda aka rubuta labarinsu a duniya duka sun ɗan haura 1,000 ne kawai, mafi yawa a Turkiyya da Sin da Japan da Indiya da Italiya. Ƙananan tsakuwoyi kamar rairayi suke cika jakunkunan iska na huhu, hoto ya fito fari kamar an ɗauke shi cikin guguwar yashi. Abin mamaki, sau da yawa yaron yana wasansa lafiya, hoton ne kawai mai ban tsoro. A 2006 aka gano ainihin ƙwayar gadon da ke kawo shi, sai yaro ya gaje ta daga uwa da uba duka biyu, shi ya sa ya fi fitowa inda ake auren zumunci, kuma akan same shi ga wa da ƙane. An sha ba irin yaran nan maganin tarin fuka a banza, domin hoton yana kama da na tarin da ya bazu.

Na ƙarshe shi ne ƙari. Wani ƙari ne marar illa mai guringuntsi a ciki, wanda ke fitowa a hoto kamar gugguru. Wani kuwa mugu ne, kamar ciwon dajin ƙashi da ke kama samari kusa da gwiwa ya aika 'ya'yansa huhu, ko wanda ke tsirowa daga jijiya a bayan ƙirjin ƙananan yara. Tabon da ke ƙara girma, ko wanda ya zo tare da kumburin ƙashi da rama, ba a jinkiri da shi.

Akwai ma abin da ba ya cikin huhu ko kaɗan. Laya, da maɓalli, da tsakiya, da jelar kitso, da maganin gargajiya da aka shafa a ƙirji ya bushe, da haƙarƙarin da ya taɓa karyewa ya ɗoru, duk suna iya fitowa fari a hoto. Don haka a tuɓe wa yaro kome kafin a ɗauka.

Yadda likita yake rarrabewa

Likita ba ya yanke hukunci da hoto kaɗai. Zai tambaya ko akwai mai tari a gida, ko tarin yaron ya wuce mako biyu, ko yana zazzaɓi da gumin dare da rama. Zai aika majina a gwada da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, yaron da bai iya tofar da majina ba kuwa ana iya gwada bayan gidansa. Gwajin fata yana taimako, amma ga yaro mai tamowa ko wanda ya tashi daga ƙyanda yakan ƙi nunawa ko da cutar tana nan. Saboda wuyar kama ƙwayar a jikin yara, wani lokaci likita yakan fara magani bisa alamu, wannan kuwa daidai ne. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati. A Jalingo akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha, inda ƙananan asibitoci suke tura abin da ya fi ƙarfinsu.

Abin da ya wajaba a kan malami

Da farko, kada malami ya kori yaro ko ya ware shi saboda an ce yana da tabo. Tabon da ya daskare tsohon abu ne, ba ya yaɗuwa. Ko wanda aka tabbatar yana da tarin fuka ma, likita ne zai faɗi ranar da zai koma aji, ba ta kuwa da nisa in ya fara magani. Asirin lafiyar yaro kuma amana ce, ba abin hira ba ne a ofishin malamai.

Na biyu, ya taimaki iyaye su ba likita cikakken labari, gama abin da suka ga bai kai a faɗa ba sau da yawa shi ne mabuɗin. Inda aka haifi yaron da inda ya yi hutu, ko shi ke share akurki, ko suna shiga kogo farautar jemage, ko yana cin ƙaguwa, ko ya yi ƙarambau ko ciwon gaɓoɓi, ko uwa da uba 'yan'uwa ne, da irin magungunan da aka saya masa. A adana tsohon hoto kuma, domin in aka gwama shi da sabo aka ga tabon bai motsa ba, hankali ya kwanta.

Na uku, yaron da aka ɗora a kan maganin tarin fuka ya sha shi kullum har ƙarshe, kada wani ya tsayar da shi don ya karanta wannan bayani. Amma in ya yi wata biyu yana sha ba fashi, bai ƙara nauyi ba, tari bai ragu ba, a koma wurin likita a gaya masa, a roƙe shi ya duba ko akwai wani abu dabam.

Na huɗu, rigakafi ya fi magani. Kada a sa yara share kashin jemage ko na kaji a bushe. A yayyafa ruwa ya jiƙa sosai tukuna, babba ya kwashe da shebur, ya rufe hanci da baki, yara suna nesa. A toshe kafofin da jemagu ke shiga silin. Takin kaji da za a zuba a lambun makaranta shi ma a jiƙa shi kafin a watsa. A koya wa yara dafa ƙaguwa da kowane irin nama har ya nuna sarai, da tafasa ruwan rafi, da kai ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi asibiti.

Malamin da ya riƙe waɗannan zai hana a ɓata wa yaro suna a banza, zai kuma sa a gano ciwon ƙoda ko na zuciya tun ana iya taimako. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana yaranmu, amin.